Mai madubi ko mara madubi: wace kyamara ta dace da gasar harbin baka ta matasa?

Wani ƙanena da ya shekara shida yana ɗaukar hoton biki da suna ya zo mini da tambaya kwanakin baya. Wani kulob na yara masu harbin baka ne ya nemi ya riƙa ɗaukar musu hoto idan suna gasa, kyamararsa kuma ta tsufa, dama yana shirin sauya ta. Kuɗin hannunsa ɗayan biyu za su saya. Ko dai tsohuwar kyamara ta hannu mai madubi, wato wadda madubin da ke cikinta ke ɗagawa ya sauka duk lokacin da aka ɗauki hoto, irin su Nikon D500 ko Canon 7D Mark II, haɗe da gilashi na gaske, wato lens ɗin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, ko kuma sabuwa mara madubi kamar Canon R7, amma da gilashi mai araha. Ya ce, "Yaya, wacce zan ɗauka?" Na ce masa ya bari mu fara leƙa filin tukuna, domin wanda bai san inda za a tsayar da shi ba, da wuya ya san abin da zai riƙe a hannu.

Wannan harbi ba irin na maharban daji ba ne, mai kwari a kafaɗa. Wasa ne mai hukuma ta duniya, World Archery, wadda hedikwatarta ke birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, kuma komai nasa a aune yake. An kasa matasa rukuni-rukuni, 'yan ƙasa da shekara 21, 'yan ƙasa da 18, da 'yan ƙasa da 15. Masu bakan Olamfik, wato baka mara wili, 'yan ƙasa da 21 suna harbi daga mita 70 kamar manya, 'yan ƙasa da 18 daga mita 60, a kan allo mai faɗin santimita 122 wanda tsakiyarsa rawaya ce. Masu baka mai wili a kai da gindi a waɗannan rukunai biyu suna tsayawa a mita 50. Idan a cikin zaure ake gasar, mita 18 ce. A zagayen share fage na gasar fili kowane yaro zai harba kibiya 72, shida-shida, ana ba shi minti uku ko huɗu gwargwadon gasar. Usur ne ke tafiyar da filin: busa biyu a hau layi, busa ɗaya a fara, busa uku a je a zaro kibau, biyar ko fiye kuwa kowa ya sauke baka, akwai haɗari. Gasar duniya ta matasa duk shekara biyu ake yin ta, an yi a Madrid a 2019, a Limerick ta ƙasar Ailan a 2023. Harbin baka kuma yana cikin wasannin Olamfik na matasa da aka tsara yi a Dakar daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamban 2026, karon farko da wani taron Olamfik zai sauka a Afirka. Saboda haka wanda ya ƙware a wannan aiki daga yankinmu bai yi asarar lokacinsa ba.

Mai hoto yana da iyakarsa. A bayan layin harbi, aƙalla mita biyar, akwai layin jira, a gabansa kuma da mita ɗaya akwai layin 'yan jarida. Ke nan kusan mita huɗu ce tsakaninka da bayan yaro, kuma ba ka isa ka tsallaka gaban layin harbi ba muddin akwai kibiya a baka. Daga baya ƙeya kawai za ka gani, sai ka gangara ƙarshen layi ka ɗauko su a karkace. Mai harbi da dama yana riƙe baka da hagu, kafaɗarsa ta hagu na fuskantar allo, don haka idan kana kallon alluna fuskarsa tana ɓangaren dama. Can za ka tsaya. Bahago kuwa sai ka zagayo masa ta ɗaya gefen.

Abu na farko da na nuna wa ƙanen nan nawa shi ne maharbi ba ya motsi. Ɗan ƙwallo yana gudu, ɗan dambe yana kai da komo, amma wannan yaro zai kafa ƙafafunsa wuri guda ya yi abu ɗaya sau 72. Ɗigon fokas, wato wuraren da kyamara ke kamawa don hoto ya fito tar, guda 153 da D500 ke alfahari da su, da 65 na 7D Mark II, da wayon R7 na bin idon mutum duk inda ya yi, a nan ɗigo ɗaya tak ya ishe ka, ka ɗora shi a kan ido. Matsalar da ke faruwa ma ita ce kyamara ta bar fuska ta kama hannun da ke riƙe da baka, wanda ya fi kusa da kai, musamman idan hula ta rufe idon ko tsirkiya ta ratsa fuskar. Mai bin ido yana rage wannan wahala, gaskiya ne, amma wanda ya saba ɗaukar amarya ta cikin mayafi ya riga ya iya. A wannan fanni dai ban ga wadda ta kayar da wata ba.

Hotunan da iyaye ke biya dominsu kuma duk na tsaye ne. Yarinya ta ja baka har tsirkiya ta taɓa kan hancinta da haɓarta, ido ɗaya a kan saiti. Hannun da ya saki ya koma bayan wuya, baka ya sunkuya gaba. Koci ya duƙa a kan abin hangen nesa. Yara uku a gaban allo suna gardamar ko kibiya ta taɓa zanen tara ko a takwas ta tsaya. Ka tuna Kim Je-deok na Koriya ta Kudu, wanda ya ci zinare biyu a Olamfik ta Tokiyo a 2021 yana ɗan shekara 17. Hoton da duniya ta riƙe nasa shi ne wanda ya wage baki yana ihu, babu kibiya a ciki ko ɗaya. Kowace daga cikin kyamarorin nan za ta ɗauki irinsa.

Hoto ɗaya ne ya raba su, kuma a nan gizo ke saƙa: kibiya a iska, ta bar baka amma ba ta fita daga hoton ba.

Mu yi lissafi. Kibiyar manya a bakan Olamfik tana kaiwa mita 60 a sakan ɗaya, ta yara ta ɗan gaza haka saboda bakansu bai kai tauri ba, mu ɗauka mita 50. Idan akwai filin mita ɗaya a gaban baka a cikin hotonka, kibiyar za ta ratsa shi cikin kashi ɗaya bisa hamsin na sakan. Ɗan Adam kuwa kafin idonsa ya gani, yatsansa ya danna, kusan kashi ɗaya bisa biyar na sakan ya wuce, kibiya ta yi mita goma. Wato idan ka jira ka ga an saki, ka makara. Dole ka fara ɓarin hotuna tun yaro yana riƙe da tsirkiya. D500 da 7D Mark II kowacce hoto 10 take yi a sakan, tsakanin hoto da hoto kibiya ta yi mita biyar, sai ka dace sau ɗaya cikin biyar. R7 tana yin 15 da ƙyauren ƙarfe, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, 30 da na lantarki, wanda ke kai ka ga dacewa sau uku cikin biyar. Manyan irin su Nikon Z8, OM-1 da Sony a9 III suna kaiwa 120, kowane saki za ka samu hoto biyu ko fiye, sai dai a9 III dala 5,999 aka sa mata da ta fito, ba maganar ƙanena ba ce. Ga kuma saurin ƙyaure. A 1/1000 na sakan kibiya tana tafiyar santimita biyar yayin da ƙyauren ke buɗe, sai ta fito kamar zane. Sai ka kai 1/4000 ko 1/8000 kafin ta tsaya cak. D500 da 7D Mark II da R7 duka suna kaiwa 1/8000.

Wani zai ce, to ai ɗaya cikin biyar ba laifi, tunda kowane yaro sau 72 zai harba. Haka ne, in da ba don ƙara ba. A jikin bakan Olamfik akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ake kira kilika. Kibiya tana bi ta ƙarƙashinsa, idan an ja ta kai iyaka sai ya faɗo ya yi ƙas, maharbi kuma an horar da shi ya saki da jin wannan ƙas ɗin ba tare da tunani ba. Yanzu ka kawo kyamara mai madubi mita huɗu a bayansa tana ƙas-ƙas-ƙas sau goma a sakan. Babban maharbi ya saba, yana jin kilikarsa a jikin yatsunsa ma. Yaro ɗan shekara 14 da bai wuce gasa biyu ba yana iya saki kafin lokaci, kibiya ta tafi zanen shuɗi ko baƙi, nesa da tsakiyar allo, maki uku ko huɗu su zube saboda kai. Koci ba zai yafe maka ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa ladabin masu kyamara mai ƙara shi ne kada a danna sai an saki. Ka ga ladabi da lissafi sun yi karo, wannan ya ce ka fara da wuri, wancan ya ce ka jira. Tsofaffin kyamarorin suna da tsarin rage ƙara, amma ragewa ce kawai, kuma yana sauko da 7D Mark II zuwa hoto huɗu a sakan, D500 zuwa uku.

Mara madubi ta warware wannan gaba ɗaya. Da ƙyauren lantarki ba ta motsa komai, ba a jin ko tari. Ga kuma wata dabara da kamfanin Olympus ya shahara da ita tun kyamararsa E-M1 Mark II ta 2016, wadda yanzu ta bazu: idan ka danna maɓalli rabi, kyamara tana ta ɗauka tana zubarwa a ɓoye, idan ka ƙarasa dannawa sai ta adana har da abin da ya wuce. R7 tana komawa baya rabin sakan. Sai ka jira ka ga an saki, ka danna hankali kwance, kibiyar tana ciki. Wanda ya taɓa gwada wannan da wuya ya so komawa.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙyauren lantarki na R7 daga sama zuwa ƙasa yake karanta hoton, layi bayan layi, kuma ba shi da sauri sosai. Duk abin da ke gudu yakan fito a karkace, tsirkiya ta lanƙwashe, reshen baka ya yi wani iri. Kibiya dama tana lanƙwasa da kanta idan ta bar baka, wannan gaskiyar harbi ce, amma mai ido zai bambanta ta da ta kyamara. Masu saurin karatu irin Z8 da OM-1 sun rage matsalar ƙwarai, a9 III ta kawar da ita tunda gaba ɗaya take ɗaukar hoton, su kuwa kuɗinsu daban ne. Na biyu, hotunan rabin sakan ɗin nan R7 a dunƙule take ajiye su cikin fayil ɗaya, sai ka zauna ka zaro wanda kake so ɗaya bayan ɗaya a cikin kyamara ko a manhajar Canon. Ga wanda zai tura wa iyaye talatin hotuna a daren nan, aiki ne. Na uku ya fi muni. A cikin zaure fitilu suna ƙyaftawa daidai da bugun lantarki, a ƙasashenmu sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma ƙyauren lantarki yakan fito da ratsi-ratsi na haske da duhu. Maganinsa ka koma ƙyauren ƙarfe, wato ka koma ƙara. 7D Mark II da D500 kuwa dukansu suna da tsarin jiran daidai lokacin da fitila ta fi haske. A zaure dai ratar da ke tsakanin tsohuwa da sabuwa ta tsuke.

Sai gilashi, wanda a ganina shi ne rabin maganar ko fiye. Mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 200, wato 70-200, da ƙofar haske f/2.8 shi ne dokin wannan aiki. A kan D500 yana zama kamar 105-300, a kan Canon kamar 112-320, daga mita huɗu zuwa goma sha biyar zai ba ka mutum sukutum, ya kuma ba ka fuska kaɗai. Faɗin ƙofarsa yana narkar da abin da ke baya, kuma bayan filin harbi ba ya da kyan gani: rumfuna, motoci, jakunkuna, da maharba ashirin a jere kowa da sandunan bakansa sun yi cirko-cirko. Aibinsa nauyi, kusan kilo ɗaya da rabi, ka riƙe shi daga safe zuwa la'asar sai kafaɗa ta gaya maka. Sanda mai ƙafa ɗaya tana taimakawa. Gilashin da kuɗin ƙanena za su kai bayan ya sayi R7, wato RF 100-400, giram 635 ne kawai, yana zuƙo nesa, a rana tsaka ba ya da laifi. Sai dai a ƙarshen zuƙowarsa f/8 ne, hasken da f/2.8 ke shigarwa ya ninka nasa sau takwas. Ka nemi 1/4000 da f/8 a zaure, ko da yamma rana ta yi sanyi, hoton zai cika da tsaki-tsaki. Ka sayi kyamarar kama kibiya ke nan, ka ɗaura mata gilashin da zai hana ta.

Kada tsawon 400 ya ruɗe ka don ɗaukar allo daga nesa. Idan an busa uku, kuma alƙali ya yarda, ka bi yara zuwa allon ka ɗauka daga kusa. Kada ka taɓa kibiya ko allo kafin a rubuta maki, doka ce. Kada kuma ka tsaya a bayan mai zaro kibiya, gindinta yakan fizgo da ƙarfi daidai tsayin ido.

Batun batir da ƙura ba zan daɗe a kai ba. A ma'aunin masana'anta D500 tana yin hoto 1,240 da caji ɗaya, R7 wajen 500 idan ana leƙa ta ido, kuma tsarin komawa baya yana shan batir saboda kyamara ba ta hutawa. Inda wuta sai an ga dama, sai ka tanadi biyu ko uku. Da hunturu kuma kada ka sauya gilashi a fili ko wace iri ce a hannunka. Mara madubi ta fi saurin kwasar ƙura, ko da yake R7 tana rufe ƙyaurenta idan an kashe ta.

To, wa ya kamata ya ɗauki wacce? Idan aikinka duk a fili ne da rana, kuma za a riƙa barin ka kusa da yara a karon fitar da gwani, inda mutum biyu ke harbi bi da bi, kowa sakan 20, filin ya yi tsit, mara madubi ce taka. A irin wannan wuri ƙarar madubi kamar tari ne a masallaci. Shawarata kawai ka bar gilashin f/8, ka nemi tsohon EF 70-200 mai f/4 na hannu, nauyinsa rabin na f/2.8 ne, haskensa ma rabi, ka haɗa shi da R7 ta zoben da Canon ke sayarwa domin haka. Idan kuwa akwai gasar zaure a cikin aikinka, ko kuma kyamarar nan ita ce za ta je biki da daddare, to ka sa kuɗinka a f/2.8, ka ɗaura shi a tsohuwa mai madubi. Jikin kyamara shekara kaɗan yake tsufa, gilashi mai kyau kuwa yana bin ka. Na Canon EF yana aiki a kan marasa madubi na jerin R ta zobe, na Nikon AF-S yana aiki a kan marasa madubi na jerin Z ta zoben FTZ, ranar da hali ya samu jiki kawai za ka sauya.

Ƙanena na biyun ne, abincinsa a biki yake. Na ce masa ya ɗauki mai madubi da f/2.8, bisa sharaɗi uku da shi da kansa zai kiyaye. A lokacin gasa ba zai danna ba sai an saki, ko kuma ya ja can ƙarshen layi ya zuƙo daga inda ƙararsa ba ta kai kunnen yaro. Hoton kibiya a iska zai neme shi a zagayen gwaji da ake yi kafin a fara ƙirga maki, bayan ya gaya wa koci da yaron abin da zai yi, a nan ɗaya cikin biyar ta wadatar. Filasha kuma ta zauna a jaka, ba a kunna ta a layin harbi.

Akwai abin da kyamara ba ta yi maka. Waɗannan yara ne, izini yana hannun masu shirya gasa da iyaye, kuma wasu iyayen, musamman na 'yan mata, za su yarda ka ɗauka ka ba su amma ba za su yarda ka sa a Facebook ba. Ka tambaya tun da safe, ka rubuta lambar allon duk wanda aka hana. Yaron da ya sha kaye ya fashe da kuka, hoton yana da ƙarfi, na sani, amma ni nakan ba uwarsa ko in goge.

Da zai tafi kasuwa na ƙara masa da cewa kada ya biya sai ya ga adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. Ƙyauren D500 da na 7D Mark II duka an auna su a kan 200,000, kuma waɗannan kyamarori ne na masu wasanni da masu tsuntsaye, mutanen da ba sa tausayin maɓalli. Wadda ta haura 150,000 sai dai in an yi masa ragi mai yawa. Gilashin kuma ya haska shi da tocilan ta baya ya duba ko akwai fumfuna, ya zuƙo ya mayar ya ji ko yana cijewa, sannan ya fita waje ya ɗauki idon mai shagon a 200 da f/2.8, ya buɗe hoton har ƙarshe ya ga ko gashin idon ya fito ɗaya-ɗaya.